Dagumawa: Abin da Fari Ke Yi wa Harawa

Daga Kano zuwa Wudil tafiyar kusan kilomita 40 ce a kan titin Maiduguri. Garin ya yi suna da koginsa, da kasuwar shanu ta ranar Juma'a, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote. Mu kuwa Dagumawa muka nufa, ɗaya daga mazaɓun ƙaramar hukumar, da kaka ana tsaka da yankan harawa.

Muna shiga muka ga ɗaurin harawar wake da ta gyaɗa jibge a kan rufin ɗakuna da rassan bishiyoyi. Ita ce abincin tumaki da awaki idan rani ya yi nisa, kuma kuɗi ce, domin mai kiwon ragon layya dole ya saya. Sai dai wata harawar cike take da ganye, wata kuwa kusan kara zalla. Manoma suka ce mana ruwan ƙarshen damina ne ke bambanta su.

Ga dalilin. Ganye yana haɗa sukari daga hasken rana da ruwa da iskar kabon. Rarar sai shuka ta mayar da ita sitaci ta adana, kamar hatsi a rumbu. Idan fari ya zo, ganye kan rufe ƙananan ƙofofinsa don kada ruwa ya tsere, sai haɗa abinci ya ragu. Nan shuka za ta buɗe rumbunta, ta narkar da sitacin ya koma sukari, wanda ke taimaka wa ganyen riƙe ɗan ruwan da ya rage. Shi ya sa a gajeren fari sukari kan ƙaru, sitaci ya ragu. In farin ya daɗe, rumbun ya ƙare, ganye ya yi rawaya ya kaɗe, alhali a cikinsa mafi yawan furotin yake.

Manomi sai ya shiga gaba kura baya sayaki: ya jira wake ya gama nuna, ganye ya zube, ya yanke da wuri, ya yi asarar wake. Mai shuka kanannado, wake mai yawan yaɗo da jinkirin nuna, ya fi kowa sanin wannan. Don haka cibiyar IITA, mai reshe a Kano, ta fitar da irin wake mai saurin nuna da ke ba da ƙwaya da harawa tare.

Ku ma za ku iya gwadawa a makaranta. Ku shuka wake a tukwane biyu, ku daina ba ɗaya ruwa har ya fara yaushi, sannan ku yi wa ganyensu gwajin aidin na darasin bayoloji. Wanda ya fi yin baƙi shi ya fi sitaci.