Dutsen Hamilton da Tsagen da Ba A San Danginsa Ba

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. To, a wannan karo tafiya ta kai mu Kalifoniya ta ƙasar Amurka, inda muka baro birnin San Jose, muka bi wata hanya mai yawan kwana har ƙwanƙolin Dutsen Hamilton, mai tsawon fiye da mita 1,200. A can ne gidan duban taurari na Lick yake tun 1888. Attajirin da ya ba da kuɗin ginin, James Lick, kabarinsa na ƙarƙashin babban madubin hangen nesan gidan.

Abin da ya kai mu shi ne labarin wata ɗaliba, Mary Lea Heger. Idan aka raba hasken tauraro, sai ya bazu kamar bakan gizo, a ga waɗansu baƙaƙen layuka a cikinsa. Kowane sinadari da irin layukansa, kamar yadda tsagen fuska kan nuna dangin mutum. A 1919, a wannan gida, Heger ta ga layuka biyu a wajen ruwan ɗorawa, masu dishi-dishi, waɗanda ba su dace da kowane sinadari da aka sani ba.

Daga 1934 Paul Merrill ya nuna cewa ba taurarin ne ke da tsagen ba. Hasken ne ke ratsa ƙura da iskar da ke tsakanin taurari, wani abu a hanya ya shanye ɗan yankinsa, kamar yadda hazo kan rage wa rana kaifi lokacin hunturu. Yau an ƙidaya irin waɗannan layuka fiye da 500. Sai a 2015 masana a Basel ta Suwizalan suka gano mai kaɗan daga ciki: wani curi mai ƙwayoyin kabon 60, mai siffar ƙwallon ƙafa. Madubin Hubble ya tabbatar da haka a 2019. Sauran kuwa har yanzu ana nema.

Muka sauko muna tunanin azuzuwanmu. Mu malamai mukan ji kunyar ce wa yaro "ba a sani ba tukuna", sai mu rufe shi da tsawa. Ga shi tambayar ɗaliba guda ta shekara ɗari tana ba manyan masana aiki. Idan yaro ya kawo irin tata, don Allah mu saurare shi.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.