Daga Kawo zuwa Wusasa

Ranar Laraba na shiga mota a tashar Kawo, a Kaduna, zan je Wusasa duba goggona da ke fama da ciwon ƙafa. Amma ba ciwonta kaɗai na ɗauko a zuci ba. An rage ma'aikata a wurinmu har da ni, kuɗin haya ya ƙarato, addu'a kuma ta zame mini kamar magana da bango.

Mun wuce Maraban Jos, ba mu kai Jaji ba taya ta fashe. Direba ya yi salati, ya danne sitiyari har muka gangara gefen titi lafiya. Masu cewa "Alhamdu lillahi" na yi, wata mata a bayana tana ta "Yesu, mun gode." Safaya ba iska, sai zaman jira. Nan wata dattijuwa ta kwance ƙullin dafaffiyar gyaɗa ta miƙo mini.

"Ɗana, ci. Tun daga tasha na ga ranka a ɓace."

Ban gaya mata komai ba, ba ta kuma tambaya ba.

Da la'asar na isa. Na zaci zan tarar da Goggo kwance, sai ga ta ta ɗaura kallabi, tana jiran mai riƙa ta zuwa taron zumuntar mata. Gardama da ita ɓata baki ne, na riƙe hannunta muka tafi a hankali.

Hanya ta biyo da mu ta tsohuwar majami'ar St. Bartholomew, ginin ƙasa irin na maginan Zazzau, wadda aka gina a 1929 lokacin da 'yan mishan na CMS suka taso daga cikin birnin Zariya. Dokta Miller, wanda ya yi shekaru yana aiki a Zariya, shi ne ƙashin bayan fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. A nan Wusasa Janar Yakubu Gowon ya tashi. Goggo ba ta damu da tarihin ba, ita dai kada a fara ba ita.

Matan suna koyon waƙa da bugun tulu, daga baya aka zaga da kwano don wata gwauruwa da ruwa ya rushe wa ɗaki. Goggo, da ko magani sai an haɗa mata kuɗi, ta kwance bakin zane ta saka nata.

Da dare na fayyace mata halin da nake ciki. Ta ce, "Yau ka ci abinci?"

Na ce na ci, har da gyaɗa a hanya.

"Kai ka saya?"

"A'a, Goggo."

"To, Ubangijin da kake cewa ya yi shiru, wa ya aiko da ita?"

Har yanzu ban sami aiki ba, amma na koma yin addu'ar safe. In hanya ta kai ka Zariya, ka ratsa Wusasa a tsakiyar mako, kada ka jira sai Lahadi.