Amanar Kunne: Abin da Na Koya Wajen Zaɓen Hedifon Don Sauraren Alƙur'ani



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halitta mana ji da gani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ɗan'uwa mai karatu, zan fara ne da wata kunya da na sha, domin ita ce musabbabin wannan rubutu. Ana saura 'yan makonni a yi bikin saukar ɗalibai a Islamiyyar da nake koyarwa a nan Wudil, sai na umarci 'yan ajina su riƙa naɗar karatunsu a wayar iyayensu suna turo mini ta WhatsApp, saboda lokacin aji ba ya isa a saurari kowa. Nakan zauna bayan sallar Isha'i in bi su ɗaya bayan ɗaya, da wani ɗan iyafis mai araha da na saya a hannun mai talla, alhali janaretan maƙwabci yana ta ruri a bayan katanga. Idan ban ji sosai ba sai in ƙara murya, in sake ƙarawa, har ta ƙure. A haka na saurari wata yarinya mai hazaƙa tun daga Suratun Naba'i har zuwa Nasi, na ce karatunta ya yi.

Ranar bitar ƙarshe malamina, wanda a gabansa na gyara tilawata, ya zo ya zauna tare da mu. Yarinyar ba ta gama ayar farko ta Suratul Kausar ba ya ɗaga hannu. Sa'un (ث) take mayarwa sinun (س), kuma da aka bi sauran surorin aka tarar haka take yi a ko'ina. Bai ce mini komai a gaban yara ba. Sai da muka fito ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, kai ka saurari yarinyar nan kuwa?" Na ce, "Na saurara, Allah gafarta Malam." Ya yi shiru. Wallahi shirun nan ya fi mini faɗa ciwo. A cikin makonnin kuma na lura idan na kwanta kunnuwana suna wani irin kuka kamar na gyare, ba sa dainawa sai barci ya ɗauke ni.

Na kai kukana wajen wani abokina da ke koyar da injiniyancin lantarki a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke nan garin. Ya yi mini bayanin da ban taɓa ji ba duk da shekarun da na yi ina karantar da makharijul huruf. Haruffa masu huci irin su sa'un da sinun da sadun da fa'un, abin da yake bambance su a kunne yana can cikin siririn sauti na sama. Mafi yawan iyafis na kasuwa kuwa an ƙera su ne don su kumbura kakkauran sautin ƙasa, wanda samari ke kira bes, saboda masu son dukan ganga. Wannan kauri yana danne siririn sautin, rurin janareta ya zo ya ƙarasa binne shi. Abin da ya fi tsorata ni shi ne da ya ce lalacewar ji da ƙara ke haddasawa takan fara ne daga wajen sauti mai kaɗawa 4,000 a daƙiƙa, wato kusa da inda waɗannan haruffa suke zaune. Kuma 'yan ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi da ke can cikin kunne, idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Ashe kayan aikina na koyarwa nake ƙonawa da hannuna, ina zaton hidimar Alƙur'ani nake yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa jinsu saboda irin wannan saurare. Ma'aunin da ta bayar ga baligi shi ne ƙara mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako. Da zarar an kai desibel 90, awa 4 kacal ke nan a mako gaba ɗaya. Ni kuwa nakan cinye awa 4 ɗin nan a dare biyu. Allah Ya gaya mana a aya ta 36 ta Suratul Isra'i cewa za a tambayi bawa game da jinsa da ganinsa da zuciyarsa. Mun saba fassara ta da abin da muke saurare, halal ne ko haram, kuma haka ne. Amma tun daga ranar na fara tunanin ita kanta gaɓar ma ajiya ce a hannunmu.

Abokin nawa ya ce in nemi abin da masu sauraren kiɗan gargajiyar Turawa da opera suke faɗa a kan hedifon. Na ɗan yi turus. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi daga farko zuwa ƙarshe, ya samo asali a Italiya wajen shekarar 1600, kuma mawaƙansa sukan cika babban zaure irin La Scala na birnin Milan da muryarsu ba tare da makirfo ba. Ba wurin tattauna hukuncin kiɗa ba ne nan, malamai sun yi magana a kai, kuma matsayina sananne ne ga ɗalibaina. Sai dai na gane hikimar abokina: waɗannan mutane buƙatarsu ta na'ura daidai take da tamu. Suna son muryar ɗan Adam ta fito yadda take ba ƙari ba ragi, suna zama awa uku a kan abu guda, kuma abin da suke saurare yana sauka ƙasa ƙwarai sannan ya hau sama ƙwarai. Duk wanda ya saurari mujawwadin Sheikh Abdulbasiɗ Abdussamad ko na Sheikh Muhammad Siddiƙ al-Minshawi ya san wannan. Sukan fara da murya ƙasa-ƙasa kamar raɗa, sannan su yi ta hawa har zuwa ƙololuwa. Mugun iyafis yana tilasta maka ƙara murya don ka ji farkon, sai ƙarshen ya zo ya soke maka kunne.

Abu na farko da na koya shi ne batun amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi. A jikin kwalin kowane hedifon na kirki akwai wata lamba da ake ƙirgawa da om, ita ce ke nuna yawan turjiyar da yake yi wa wutar da ke shiga cikinsa. Wayar hannu ƙarfinta kaɗan ne. Sennheiser HD 600, wanda masu wancan kiɗa suke yabo tun fitowarsa a 1997, om 300 gare shi, kuma idan ka soka shi a waya kai tsaye murya za ta fito a raunane. Beyerdynamic DT 770 Pro kuwa ana yin sa iri uku, mai om 32 da mai 80 da mai 250, kamarsu ɗaya a ido, sai ka karanta rubutun jiki. Mai sauraro da waya zalla ya nemi abin da ke tsakanin om 16 zuwa wajen 60, sannan ya duba lamba ta biyu da ke nuna yawan ƙarar da hedifon yake bayarwa da wuta kaɗan. Idan ta kusa desibel 100 ba ya buƙatar wata ƙarin na'ura. Mafi yawan wayoyin da ke hannunmu, su Tecno da Infinix da itel, suna da ramin soka iyafis. Wanda tasa ba ta da shi, kamar iPhone tun daga 2016, zai sayi 'yar gajeriyar igiyar haɗi, kuma tana wadatarwa.

Sai batun mai buɗaɗɗen baya da mai rufaffen baya, kuma a nan na saɓa wa Turawan. Su sun fi son buɗaɗɗe, irin su Philips SHP9500 ko Sennheiser HD 599, domin murya tana fita sakayau kamar kana zaune a masallaci mai faɗi, kunne kuma yana shan iska. Gaskiya ne, na gwada na ji. Amma su a ɗaki shiru suke zaune. Mu kuwa garinmu yana bakin titin Kano zuwa Maiduguri, manyan motoci ba sa yankewa a kan gada dare da rana, ranar Juma'a kuma kasuwa ta cika da shanu da tireloli. Buɗaɗɗe yana shigo da duk wannan hayaniya, sai ka koma gidan jiya na ƙara murya. Don haka rufaffe na zaɓa, mai zagaye kunne gaba ɗaya. Da shi rabin muryar waya yana isata. Akwai masu batir da ke kashe ƙarar waje, kuma suna iya rurin janareta ƙwarai, sai dai abin da ke jiran caji a garin da wuta ba ta da tabbas ban yarda in jingina darasina a kansa ba.

Daɗin sawa kuwa ba a sanin sa a minti ɗaya a bakin shago. Na nemi alfarmar mai shago ya bar ni na zauna da shi kusan rubu'in awa, da hulata a kaina da tabarau a idona, domin haka zan riƙa sa shi. Wani yana danne ƙafar tabarau a kan tsokar bayan kunne, wani kuma ƙarfen samansa yana murƙushe hula ya bar maka ciwo a tsakar ka. Wanda ke zama a kan fatar kunne maimakon ya zagaye ta, kafin ka gama izu biyu kunnen ya yi zafi. Nauyi kada ya wuce giram 300 da yawa. Matashin kunnen ma abin dubawa ne: na fatar roba yana toshe hayaniya da kyau amma a zafin Afrilu gumi yake tarawa, daga baya ya fara saɓulewa, na yadi mai laushi ya fi sanyi, sai dai yana kwasar ƙurar hunturu. Ka tambaya ko ana iya cire matashin da igiyar a canza, domin su ne ke fara mutuwa.

Da wane karatu za ka gwada? Ni na tafi da murattalin Sheikh Mahmud Khalil al-Husari, wanda shi ne ya fara naɗar Alƙur'ani cikakke da ruwayar Hafsu a Masar a 1961, daga baya kuma ya naɗi na Warshu, ruwayar da iyayenmu suka taso da ita a makarantun allo. Ba ya gaggawa, kowane harafi yana ba shi haƙƙinsa. Ka saurari gunna, ka ji tana fita ta hanci ko kuwa ta zama gurnani. Ka saurari ƙalƙala a Suratul Ikhlas. Ka rufe ido ka ga ko za ka iya raba zalun da zayun da za'un. Wata fa'ida kuma: hedifon mai kyau ba ya gyara mummunan naɗi, tona masa asiri yake yi. Karatun da aka matse aka yi ta turawa daga waya zuwa waya ya riga ya zubar da siririn sautinsa, gara ka nemo asalinsa.

Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya nemi Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) ya karanta masa Alƙur'ani, domin yana son jin sa daga bakin waninsa. Ya karanta Suratun Nisa'i har zuwa aya ta 41, sai ga idanun Annabi (SAW) suna zubar da hawaye. Saurare ibada ce mai zaman kanta, kuma wanda kunnensa ke raɗaɗi hankalinsa yana kan raɗaɗin. Sai dai rufaffen hedifon yana da nasa sharrin. Sau biyu kiran sallar La'asar yana wuce ni, sau ɗaya kuma mahaifiyata ta yi ta sallama a ƙofar ɗaki ban amsa ba. Yanzu idan lokacin salla ya gabato nakan zame kunne ɗaya, kuma ba na sa shi a kan babur ko a bakin titi.

Kukan gyaren nan ya ragu bayan na yi makonni ina hutar da kunnena, amma wanda nasa ya daɗe bai daina ba ya je asibiti sashen kunne a auna masa ji. Yarinyar kuwa mako biyu muka yi da ita, ina zaune a gabanta ina nuna mata inda kan harshe yake taɓa gefen haƙoran sama, domin karatu daga bakin malami ake karɓar sa, naɗi taimako ne kawai. Ta yi saukarta tare da 'yan ajinsu. Har yanzu ɗalibai suna turo karatu da dare, ina saurare da murya a rabi, kuma duk wanda na yi shakkar harafi ɗaya a nasa, da safe sai ya maimaita mini shi ido da ido.