Ina tawadar firintarmu ke tafiya?



Akwai ƙorafin da muke yawan ji a bakin malaman lakwal, sakatarorin ƙungiyoyi da ƴan kasuwar albasa na Galmi masu buga takardun lissafi. Mutum ya sayi ƴar firinta ta gida, irin mai tawadar ruwa, ya sa mata sabon kartush, bai buga abin da ya wuce shafi talatin ba, bayan wata biyu ta ce tawada ta ƙare. A jikin kwali kuwa shafi ɗari da ɗoriya anka rubuta. Mu ma abin ya ci mana kuɗi. Amma abin da ya fi damunmu shi ne inda laifin ke faɗawa. A gida yara ake tuhuma, wai sun buga hotuna a ɓoye. A kasuwa mai shago ake zargi, wai jabu ya ƙetaro da shi daga Sakkwato. Jabu kam akwai shi, ba mu musu. Sai dai ko na asali ka saya, in kai mai buga kaɗan ne, haka za ta yi maka.

Da farko, tawadar ba ta da yawa. Wasu ƙananan kartush abin da ke cikinsu bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Wanda ke zuwa tare da sabuwar firinta ma sau da yawa bai kai na sayarwa ba. Adadin shafin da ke jikin kwali kuma a ɗakin gwaji anka samo shi, inda ake buga takarda bayan takarda ba tsayawa har tawada ta ƙare. Wa ke yin haka a gidanshi? Mu sai an buƙaci kofin takardar haihuwa, ko takardun jarrabawar BEPC, sannan a ɗage ƙyallen da anka rufe ta da shi.

To, nan ne gizo ke saƙa. Firinta feso tawada take yi ta wasu huji masu yawa, kowane bai kai kaurin gashi ba. In ta kwana biyu ba aiki, tawadar bakin hujin sai ta daskare ta toshe. Shi ya sa in ka kunna ta kake jin tana gurnani, tana kai da komo kafin ta taɓa takarda. Wanke bakinta take yi, kuma da tawadar da ka saya take wankin. Abin da ta zubar yana sauka cikin wani soso a ƙasanta, inda ido ba ya gani. A 2013 ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka ta gwada firintoci masu yawa da irin wanga aiki na jefi-jefi, ta tarar da dama daga cikinsu rabin tawada ko ƙasa da haka ne ke isa bisa takarda. A can ke nan fa, inda ɗaki ke da sanyi.

Ku auna da namu. A watan Afrilu da Mayu zafi ya wuce maki 40, ɗakin kwano kuwa sai wanda ya shiga. Lokacin hunturu iska ba laima ko kaɗan, leɓe ma tsagewa yake, ga ƙura tana shiga ko'ina. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san yadda tawada ke bushewa a kurtu in an bar shi buɗe. Amma ta malam da sauƙi: a ɗiga ruwa, a motsa da alƙalami, ta dawo. Ta firinta ba ta jin wannan lallashi. In ta toshe sai ka sa ta yi babban wanki, sau ɗaya, sau biyu, kana kallon tawada tana sauka ba ka buga ko layi guda ba.

Sai maganar kuran. In ka kashe firinta da maɓallinta, takan maida bakin feshin mazauninshi ta rufe shi da wani ɗan murfi don kada iska ta shiga. In kuran ya ɗauke tana tsakiyar aiki, ko ka zare waya daga bango, bakin na iya kwana a buɗe. Da wuta ta dawo kuma, wasu sai sun sake wanki daga farko. Wanda ya tuna yadda munka sha bayan Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a Agustan 2023, har zuwa Maris na 2024, ya san sau nawa na'ura ke mutuwa ta tashi a yini guda. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, da anka buɗe a 2018, da rana take aiki. Mu kuwa galibi da dare muke tuna akwai takardar da za a kai gobe.

Kamfanonin ma ba za mu wanke su ba. Firinta da araha suke saida ta, ribar tana ga tawada. Kartush mai launi uku a haɗe, in launi guda ya ƙare, sauran biyun sun zama asara. Wasu firintocin suna taɓa launi ko baƙi kaɗai kake bugawa, wankin kuma duk launukan yake ci. A jikin kartush da yawa akwai wani ɗan abu kamar pis ɗin salula, wanda ba leƙa ciki yake ba, ƙiyasi ake yi da yawan ɗigon da ya fita, don haka ana iya ce maka ta ƙare alhali da saura. A 2016 kamfanin HP ya sha suka bayan wani sabuntawa ya sa firintocinshi sun ƙi karɓar kartush na wasu kamfanoni. A Faransa, inda dokar 2015 ta haramta gajarta ran kaya da gangan, wata ƙungiya mai suna HOP ta kai ƙara a 2017, har anka buɗe bincike kan Epson.

Yanzu mu yi lissafin ƴan kasuwa. A ce ka sayi kartush jikka goma, ka ci shafi talatin kafin ya bushe. Kowane shafi ya tsaya maka sama da dala sittin. Je ka tambayi mai sibar na unguwarku nawa yake buga shafi guda. Shi kullum na'urarshi tana aiki, tawada ba ta samun zaman bushewa, shi ya sa yake iya yi maka rahusa ya kuma ci riba. A ganinmu, wanda bai buga shafi goma a wata, ya tura takardarshi ta WhatsApp ga mai sibar ya huta.

Wanda kuma dole sai ya aje tashi, kamar darektan lakwal a Tajaye ko Bazaga da sibar ta yi mai nisa, ya riƙa buga ko shafi guda mai launi kowane mako, ya kashe ta da maɓalli, ya rufe ta da ƙyalle, ya nisanta ta da taga da rana. Kada ya tara kartush a buɗe, ya bar shi cikin ledarshi sai ranar sawa. In aikin da yawa, akwai masu tanki da ake ɗura wa tawada daga kwalba. Sun fi tsada wajen saye, kuma su ma suna toshewa in an yi watsi da su, amma wankin ba ya cin aljihu haka. Mai leza kuwa da gari take aiki, ba abin da zai bushe ko ta shekara a aje. Aibinta cin wuta: lokacin da take ɗumama, ƙaramin sola na gida ba lalle ya ɗauke ta ba. Mai niyyar saye ya tambayi wanda ya haɗa mai sola kafin ya biya kuɗi.