Littafin da Ba Shi da Bango

Shekara uku na yi ina karatun aikin jarida a Yamai, amma littafin da na saya sabo fil bai wuce ɗaya ba. Yawancin littattafanmu na Faransanci ne, daga Faransa ake kawo su, kuma tun da aka karya darajar sefa a 1994 kuɗinsu ya fi ƙarfin ɗan talaka. Littafi guda sai ya cinye kuɗin abincin wata.

Don haka muka koyi dabara. Malam zai shigo da nasa kwafin, ya miƙa wa shugaban aji, shi kuma ya garzaya shagon fotokofi. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, a buga babin da za a yi jarrabawa a kansa, a bar sauran. Wanda bai da kuɗi ranar sai ya ari na abokinsa ya sake bugawa daga baya. Kafin takardar ta iso hannun na biyar, rubutun ya dusashe, layin ƙasa ya yanke. Ran Asabar kuma mu zagaya wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa kusa da babbar kasuwa, ko Allah zai sa a dace.

A lokacin ina ganin mun yi wayo. Sai da na fara aikin rediyo na gane abin da muka rasa. Wata rana a cikin shiri na kawo wani bayani kan yadda jita-jita ke yaɗuwa, bayanin da na haddace tun ina ɗalibi. Wani dattijo ya bugo waya ya ce, "Ɗana, maganar ta yi ma'ana, amma wa ya faɗe ta?" Na yi shiru, makirufo a buɗe. Takardar da na karanta ba ta da bango, ba sunan marubuci, ba shekara. Shafi ashirin aka tsakuro mana daga tsakiya, ban san abin da ya gabace su ba, balle inda aka dire.

Yanzu ƙanwata tana jami'a a Maraɗi. Su ba sa bin layin fotokofi kamar mu. Littattafansu na yawo a WhatsApp, wasu cikakku, wasu hotunan shafuka ne da aka ɗauka a karkace. Idan wuta ta ɗauke, cajin waya ya ƙare, karatu ya tsaya.

Da ta zo hutu na tambaye ta sunan marubucin littafin da ta fi dogara da shi. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, ai sunan fayil ɗin kawai na sani."

Ƙarshen watan nan na ware jaka goma sha biyar daga albashina, na sa aka nemo mata littafin da bangonsa. Na roƙe ta abu ɗaya: ta fara daga shafin farko. In ta gama, ta ara wa wanda bai da shi.