Rigar Ram: Kwalliyar Da Ake Yi Wa Cikin Kwamfuta

Na san ka saba buɗe shafin nan ka tarar da zancen wane fim ne ya fito, wane littafi ne ya shigo kasuwa, wa ya yi aure wa ya yi fice. To yau ka yi mini uzuri, bayan fage zan ja ka, can cikin akwatin da ake tace finafinan da kake kallo. Sana'ata haɗa kwamfuta da gyaranta, kuma akasarin masu kawo mini aiki editocin fim ne da masu tsara littattafai kafin a kai maɗaba'a. A 'yan shekarun nan akwai wata tambaya da ta yi yawa a bakin samarin cikinsu, wadda da can ban taɓa jin irinta ba: "Oga, don Allah za a iya canza wa ram ɗin nan kala?"

Ba ram ɗin da 'yan sanda ke yi da ɓarawo nake nufi ba. Wani ɗan siririn allo ne mai tsawon kamar santimita 13, ana soka shi a jikin babban allon kwamfuta. In kana son ka gane aikinsa, ɗauki misalin tela. Yadudduka suna can jibge cikin kabad, amma wanda yake yankawa yanzu-yanzu a kan tebur yake shimfiɗe. To ram shi ne teburin. In yana da faɗi, edita ya baza hoto da sauti da waƙa gaba ɗaya ya yi ta aiki. In ƙarami ne, sai kwamfuta ta dinga saɓi-zarce tana ɗauko wannan tana mayar da wancan. Kuma da zarar an ɗauke wuta, duk abin da ke kan teburin ya tafi. Shi ya sa za ka ji salatin edita tun daga bakin titi in wuta ta tafi bai adana aikinsa ba.

Asalinsa tsirara yake zuwa, kore shar, da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe a jere a jikinsa. Daga baya aka soma rufe shi da fale-falen alminiyam guda biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can, da wani abu mai danƙo a tsakani, domin su kwashi zafin ƙwayoyin su baza shi, iska ta ɗauke. Wannan ne mu a shago muke kira riga. Ita ce ake son a canza wa kala.

Akwai lokacin da rigar nan dole ce. Ram ɗin kamfanin Rambus, wanda kwamfutocin Pentium 4 na farko suka zo da shi a shekarar 2000, yana tara zafi a ƙwayar da ke aiki, don haka ba ya fitowa sai da rigarsa. Haka wanda ke cikin Mac Pro ta 2006, kwamfutar da editocin duniya suka yi yayi, yana da wata ƙwaya a tsakiya mai zafin gaske, aka yi masa riga mai kauri da haƙora. Waɗannan ba ado ba ne. Amma duba abin da ya biyo baya. Ram na DDR na farko bolt 2.5 yake sha. DDR2 ya sauko 1.8, DDR3 ya koma 1.5, DDR4 da ya fito a 2014 ya tsaya 1.2, DDR5 kuwa 1.1. Wato wutar tana raguwa, amma rigar sai ƙara girma take tana ƙara ƙyalli. Kingston ta fito da HyperX mai shuɗiyar riga a 2002. Corsair ta kawo Dominator a 2006, da haƙora a samansa kamar matajin kai. A 2018 G.Skill ta Taiwan ta fitar da Trident Z Royal, mai ruwan zinare ko na azurfa, samansa kamar an zuba lu'ulu'u. In ka gan shi ka rantse daga cikin lefe aka ciro shi. Ram guda ɗaya na DDR4 wutar da yake ci 'yan wat ƙalilan ne, ko ƙwan fitilar ɗakinka ya fi shi ci, kuma an ƙera ƙwayoyinsa su yi aiki har zafin digiri 85. Ba na cewa rigar banza ce. DDR5 ya zo da ƙwayar daidaita wuta a jikinsa, tana ɗumi, kuma masu tilasta wa ram gudun da ya wuce ƙa'ida suna amfana da ita. Amma tsakani da Allah, ga yawancinmu kashi mafi tsoka na aikinta na ido ne.

To me ya sa ido ya shigo ciki? Da can akwatin kwamfuta rufe yake ruf, launin madara, a ajiye a ƙarƙashin tebur yana shan ƙura. A farkon shekarun 2000 masu sha'awa a Turai da Amurka suka riƙa yanke gefensa da kansu suna sa taga da fitila. Kamfanoni suka ga kasuwa, yau ga shi akwati mai gefen gilashi ya zama ruwan dare. Da zarar an yi wa ɗaki taga kuwa, dole a share shi. Yaro ya sayi farin akwati da fararen fankoki, sai ya leƙa ya ga ram ja wur a tsakiya kamar an ɗiga manja a farar shadda. Ba zai iya barci ba. Ni kuma ba na yi masa dariya, domin mu ne mutanen da ke yi wa gaban gida zane, mu yi wa sirdin doki ado, mu rubuce bayan mota da fenti kala-kala. Wanda ke wuni awa goma a gaban na'ura yana da haƙƙin ya so ganinta fes.

Abin da suka fi jin tsoro shi ne zafi. Kowa ya san baƙar riga ta fi fara zafi a rana, sai su ɗauka haka abin yake a cikin kwamfuta. Ba haka ba ne. Baƙin yadi yana zafi ne don yana shanye hasken rana, cikin akwati kuwa babu rana. Zafin da ram ke fitarwa, yawancinsa iskar fanka ce ke kwashewa, saura kuma yana fita ne a wani irin haske da ido ba ya gani, kuma a wajen wannan haske farin fenti da baƙi kusan duk ɗaya suke. Abin mamaki ma, alminiyam mai sheƙi da ba a shafa wa komai ba shi ya fi kowanne rowar sakin zafi ta wannan hanya. Saboda haka launi bai da laifi. Kaurin fentin ne abin lura: shafi biyu ko uku marasa kauri ba sa komai, amma in ka lafta shi kamar kana yaɓen katanga, ka lulluɓa wa ram bargo ke nan.

Launin da kamfani ke sa wa rigar, sau da yawa ba fenti ba ne ma. Tsoma alminiyam ɗin ake yi cikin ruwan asid a sakar masa lantarki, sai fatarsa ta yi wasu 'yan ramuka da ido ba ya gani, a tsoma a rini ya shige ciki, sannan a toshe. Kusan aikin marina ne, sai dai na ƙarfe. Shi ya sa ba ya ɓarewa, shi ya sa kuma fentin feshi ba ya kama shi sosai sai an ɗan goge da sanfefa mai laushi, an wanke da sipirit, an soma da fentin share fage.

Yanzu ga inda ake asara. Mai son fenti yakan ce bari ya tuɓe rigar tukuna. Ƙwayoyin nan ba ƙusa aka kafa musu ba. A kan wasu mitsi-mitsin ɗigon dalma suke zaune, kuma wani lokaci danƙon da ya riƙe rigar ya fi dalmar ƙarfi. Wani yaro mai tace bidiyon biki ya taɓa shigowa shagona da ram a hannu ɗaya, riga a ɗaya hannun, ƙwayoyi biyu manne a jikin rigar. Sukudireba ya sa ya ɓanɓare. Ya ce, "Oga, ba za a iya mayarwa ba?" Na ce masa wannan kam sai dai haƙuri. Wanda ya mutu murus ma da sauƙi, ka san ya mutu. Mugun shi ne wanda dalmarsa ta tsage ba ta rabu ba. Kwamfuta za ta tashi lafiya lau, ka yi kwana uku kana aiki, sai ana tsakiyar fitar da fim ta tsaya cik, ko ta fitar da shi da wani ɓaci a tsakiya wanda ba za ka gani ba sai mai fim ya kira ka. Ka zargi manhaja, ka zargi janareta, alhali kwalliya ce ta ja. Ga shi ram ya yi tsada. A ƙarshen 2025 farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna wawashe ƙwayoyin. Garanti kuma, ranar da ka tuɓe rigar ranar ka yi sallama da shi.

In ya zama dole a tuɓe, ni ga yadda nake yi. Ina hura masa dirayar busar da gashi har danƙon ya saki, in zura katin roba a hankali daga gefe, ba ƙarfe ba, in ya ƙi in ƙara zafi, ba ƙarfi ba. Kuma ba na taɓa shi sai na taɓa ƙarfen akwatin tukuna, balle da hunturu. Ka san ɗan tartsatsin nan da ke cizonka in ka kama ƙofar mota lokacin sanyi? Ya isa ya kashe ƙwaya, kai ko ji ba ka yi ba. Bayan an mayar kuma sai na bar MemTest86 ta kwana tana gwada shi kafin in miƙa wa mai shi. Amma gaskiya na fi ba da shawarar a bar rigar a jikinsa. A samu ledar liƙawa irin wadda ake yi wa babur ado da ita, a yanka daidai, a liƙa. Rabin awa an gama, ranar da ka gaji da fari ka ɓare ka sa shuɗi. Wanda ya nace sai fenti, to a rufe ƙafafun zinaren nan 288 da duk wata kafa da salatif, a cire shi daga kwamfutar, a fesa daga nesa, a bar shi ya bushe sarai. Fenti mai garin ƙarfe a ciki kuwa kada ya kusanci allon.

Abu guda da ba na yarda a rufe shi ne takardar da ke liƙe a gefe, mai ɗauke da girma da gudu da lambar ram ɗin. Kai da kake karatun littattafai ka fi ni sanin wannan. Sau nawa bango ya ruɗe ka, ka ga hoto mai ɗaukar ido da suna mai daɗi, ka kai gida ka tarar labarin lami? Rigar ram bango ce. Kamfanoni da yawa da ke buga sunansu a kanta ba su ke ƙera ƙwayoyin ba. Akasarin ƙwayoyin duniya daga Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron ta Amurka suke fitowa. Riga iri ɗaya tana iya ɓoye ƙwaya iri-iri. Saboda haka in aka miƙo maka na hannu an fente shi tas, babu takarda, kada ka biya sai an soka shi a kwamfuta a gabanka ka ga abin da ta karanto.

Bari in ba ka wani abin dariya. Babban allo yakan zo da gurbin ram huɗu, mutane da yawa kuma biyu suke iya saye, sai gurbi biyu su zauna wayam kamar giɓi. To Corsair tana sayar da ram na bogi, kuma ba a ɓoye ba, a kwalinsa an rubuta: riga ce da fitila, babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Gigabyte ma ta haɗa irinsa cikin kwalin Aorus a 2018. Ranar da na fara riƙe shi a hannu, ɗakin kakata na tuno, da kwanukan jerenta tun daga ƙasa har kusa da rufi, waɗanda har ta bar duniya ba a zuba ko ruwa a cikinsu ba. Ashe Bature ma ya iya jere. Ban ga laifinsa ba tunda bai yi ƙarya ba, sai dai in da ni ne, kuɗin na tara in cike gurbin da na gaske.

Su waɗannan masu fitilar, launi ja da kore da shuɗi suke gaurayawa, kowanne mataki 256, abin da ya ba da launi sama da miliyan 16. Da manhaja kake juya su, ba fenti ba sanfefa, kuma ga wanda bai riga ya saya ba ita ce hanya mafi sauƙi. Sai dai a nan nake jan kunnen editoci musamman. Idon ɗan Adam yana sabawa da hasken da ke kewaye da shi. In akwatinka na gefen tebur yana watso shuɗi, idonka zai daidaita kansa da shuɗin, sai ka ga fuskar jaruma a allo ta sauya, ka kama gyaran abin da bai ɓaci ba. Shi ya sa ɗakunan gyaran launi na manyan kamfanonin fim bangonsu ruwan toka ne, haskensu kaɗan, fari tsantsa. Wani edita da na haɗa wa kwamfuta, na sa masa maɓalli a gaban akwatin. In baƙi sun shigo ya kunna, ɗaki ya yi ta walwali kamar gidan biki. In ya zo gyaran launin fim ya kashe, ya ja labule.