Daga Gyadi-Gyadi Zuwa Tiga: Injin Da Ya Ƙi Gudu

Duk wadda ta tashi a Tarauni irina ta san ba mu da wani ruwa sai na famfo da na 'yan garuwa. Shi ya sa ranar da Yaya ya sauke injin kwale-kwale daga A Daidaita Sahu a rumfar Kawu da ke Gyadi-Gyadi, sai da yara suka taru suna leƙen farfelarsa.

Rumfar tana cikin wani lungu da ke kusa da Court Road, ba nisa da Asibitin Malam Aminu Kano. Da can Kawu babura yake gyarawa, amma tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 ya koma kan janareta da injin ban-ruwa. Shi kuwa Yaya ɗan Goggona ne, a gefen dam ɗin Tiga yake zaune, yana kamun kifi yana kuma fito da mutane. Saura kwana tara a kai ƙanwarsa gidan miji a wani ƙauye da ke hayin ruwa, ni ce kuma babbar ƙawar amarya.

"Kawu, in ana tafiya a hankali lafiya lau yake," in ji Yaya. "Da na ƙara wuta sai ya kama tari yana yankewa."

Gabana ya faɗi, domin nan take na tuna ranar 30 ga Nuwamba 2021, da jirgi ya kife a dam ɗin Watari na Bagwai ɗauke da ɗaliban Islamiyya, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara.

Kawu ya sa aka ciko duro da ruwa ya tsoma ƙafar injin a ciki, ya ce irin wannan inji da ruwa yake sanyaya jikinsa, in aka tayar da shi a busasshe ƙonewa zai yi. Ya ja igiya, inji ya tashi garau. Ya kwance fulogi biyun ya goge, ya duba wuta, duk lafiya. Yaya har ya fara murna, sai Kawu ya girgiza kai.

"Ɗana, a duro ba ya ɗauke da nauyin kowa. Sai mun gan shi a ruwa."

Washegari da asuba muka kama titin Zariya, bayan na sha magiya wajen Umma kafin ta bar ni. Muka wuce Kura da gonakin shinkafar Kadawa, waɗanda da ruwan Tiga ake noma su har da rani. An gina dam ɗin a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Kai! 'Yan uwa, ban taɓa ganin ruwa mai faɗin wannan ba, ga duwatsu, ga mata suna soya kifi, ga masunta suna shanya taru.

Muka shiga jirgi mu shida. Da farko sai daɗi, iska na kaɗa mini mayafi. Yaya na murɗa hannun wuta, sai inji ya fara fizga, fat-fat-fat, jirgin na dungurawa. Na riƙe katako ina salati. Kawu ko a jikinsa. Ya fara duba ɗan kusar da ke kan murfin tanki, ya ce in tana rufe iska ba ta shiga, mai ba zai sauko ba. A buɗe take. Sai ya kama wata 'yar roba mai kumburi da ke jikin tiyon mai yana matsawa, nan da nan muryar injin ta ɗan gyaru.

"Kin ji ko, Uwata? Yunwa yake ji, mai ne ba ya isarsa."

Da muka dawo gaɓa ya tsiyayi man tankin a farar kwalba ya ajiye. Can sai ga ruwa ya kwanta a ƙasa, fetur na sama, domin ruwa ya fi shi nauyi. Yaya ya sunkuyar da kai, ashe a bakin hanya ya sayi man cikin jarka. Kawu ya kwance kafireta ya nuna mini wasu ƙananan ƙofofi biyu. Ya ce ƙaramar ce ke ciyar da inji in ana tafiya a hankali, babbar kuwa sai an ƙara wuta take aiki, ita ce datti da tsatsa suka kusa toshewa. Ya wanke ta ya hura, ya canja matatar mai, aka zubar da tsohon mai. Sannan ya auna rabin lita na baƙin mai a cikin fetur lita 25, kamar yadda aka ƙayyade wa irin injin.

Muka sake shiga, wannan karon da buhunan masara huɗu don a ji nauyi. Har hayi da dawowa bai yi tari ko sau ɗaya ba.

Ranar kai amarya kuwa sai da aka yi 'yar rigima, domin kowace mace so take ta shiga sahun farko, ga gado ga akwatuna ga kwanuka. Yaya ya rantse sahu uku zai yi, kuma ba mai shiga sai da rigar ruwa, ko da za ta ɓata kwalliya. Goggo ta yi ta faɗa, amma ya kafe. Kafin magariba duk mun haye lafiya.

Don haka 'yar uwa, in tafiya ta kai ki bakin ruwa, ki dubi yawan lodi, ki nemi rigar ruwa, ki kasa kunne ga inji. In kin ji yana tari, ba abin kunya ba ne ki ce a sauke ki, ki jira sahu na gaba. Allah Ya tsare mu, amin.